Hannun Inna a Ruwan Jaririya

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu. Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya hutawa, amma akwai lokacin da tsoro ya ɗinke shi. Labarin da na tashi in ba ku ke nan.

A gida na haifi 'yata Murna, a ɗakinmu na haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauye don ta yi mini wankan jego. Kun san tsofaffinmu, da hannu suke gwada ruwa. Wata safiya ta sirka ruwan jaririya, ta tsoma hannu ta juya, ta ce, "Ya yi daidai, miƙo ta."

Har yau ban san abin da ya sa na taɓa ruwan ba. Wayyo, jama'a! Ruwan nan zai fige kaza. Na janye yarinya, na kamo hannun Inna, sai ga yatsunta sun yi ja, ita kuwa ko a jikinta.

Na ce, "Inna, ba ki ji zafi ba?"

Ta ce, "Ku 'yan birni da raki. Hannun nan ya daɗe da daina jin wuta."

Maigidana Bitrus ya kai ta asibiti a Tarauni. Da suka dawo ya ja ni gefe, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kuturta ce."

Hannun nan shi yake shafa wa Murna mai, a ƙirjin Inna take barci. Murna ta ɗauki cutar ke nan? In ina ba ta nono sai in riƙe 'yan yatsunta ina kallo, ina tunanin ranar da za su gutsure. Inna da kanta ta janye tabarmarta zuwa lungu, ta ware kwanonta. In na wuce da jaririya sai ta cusa hannuwa cikin zani.

Asibiti sun ce kowa na gidan ya je a duba shi, a yi rigakafi. Na ƙi. Bitrus ya yi lallashi har ya gaji. Ni tsorona kada a duba Murna a ce tana da ita, gara in zauna ban sani ba.

Wata rana da tsakar rana Murna tana tsala kuka, Inna tana lungu tana nata, tana so ta ɗauke ta, ta kasa. Na zube a gaban gado na ce, "Ya Yesu, kai da ka miƙa hannu ka taɓa kuturu, ni ƙafata ta ƙi tafiya. Tsoro ya ci ni. Ka tashe ni!" Ban ji wata murya ba. Na dai tsinci kaina ina ɗaura goyo.

A asibitin wata Hajiya mai tabarau ta duba mu kaf, ni da Murna da Bitrus, har bayan kunne. Da ta gama ta ce, "Ban ga komai ba. Amma ba a yi wa 'yar nan allurar dantse ba, ko? Ta tarin fuka ce, tana kuma taimakon jiki ya kare kansa daga kuturta. Ba ta toshe ƙofa duka, ki riƙa kawo ta muna gani." Ta yi mata, ta ba mu magani ni da Bitrus muka haɗiye. Sannan ta ce, "Kakar ta fara shan nata maganin, ai ba ta yaɗa cutar yanzu. Ki ba ta jikarta."

Na tarar da Inna a waje, gindin bishiya. Na kunce goyo, ta ja baya ta ce, "Rifkatu, kada ki yi mini haka." Na ɗora mata ita a cinya. Ta shafa kan Murna, yatsun ba su ji komai ba. Sai ta sunkuya ta manna kuncinta a na yarinyar, ta daɗe a haka tana hawaye.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe ina fitar da Murna rana in duba fatarta. Amma na gode wa Ubangiji da ya tashe ni. In cutar nan ta shigo gidanku, ku dogara ga Yesu, ku kwashi iyalinku ku tafi asibiti ko da kuna jin tsoro. Amin!