Wata Bakwai da Ba Su Cikin Kaina

'Yan'uwa, na gaishe ku cikin sunan Yesu. Sunana Bitrus, ɗan Burumburum. Zan yi magana da zafi, ku yi mini haƙuri.

Ba na ɓoyewa, na sha burkutu a da, har a kwata an tsince ni. Amma na tuba, shekara tara ban ɗanɗana ba.

Ranar wata kasuwa na faɗo daga babur a Kwanar Dangora. Na tashi na karkaɗe riga, ba jini, na tafi gida. Bayan makonni sai kaina ya daina riƙe sabon abu. Waƙoƙin ƙuruciya suna nan daram, amma abin da aka yi da safe, kafin rana ya gudu.

A lokacin ne matar dattijonmu Baba Ishaya ta rasu. An ce da ni aka haƙa kabarin. Ranar Lahadi na durƙusa na gaishe shi na ce, “Baba, yaya Mama Saratu? Ban gan ta a sujada ba.” Sau uku na yi haka, a gaban jama'a.

Shi ke nan! Bitrus ya koma giya! Wani har shinshina bakina ya yi a ƙofar majami'a. Aka sa ni horo, aka hana ni Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a sujada. Haba jama'a! Ko mutum ɗaya bai ce a duba lafiyata ba.

Matata Rifkatu ce ta ba ni labarin nan duka. Ta ce wata rana a gona ta jefar da fartanya ta ɗaga murya: “Ubangiji, kai ka san bakin mijina! Ka nuna musu, na gaji!”

A makon nan yayanta direba ya kwashe mu zuwa wani babban asibiti can kudu. Suka tura kaina cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya sa yatsa ya ce, “Ga jini ya taru yana danne ƙwaƙwalwar. Wurin da ke kama sabon abu, can ciki daidai saitin kunne, shi ya kasa aiki. Tsohon abu ajiyarsa daban.”

Aka yi aiki. Halleluya! Da na farfaɗo aka gaya mini rasuwar Mama Saratu, wannan karon maganar ta zauna a kaina. Na yi kuka kamar yanzu aka binne ta.

An ɗage horon, amma ba wanda ya zo ya ce ya yi kuskure. Raina a ɓace yake har yau, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba.

Na gode wa Yesu, ku dogara gare shi ko da kowa ya yanke muku hukunci. Wata bakwai ɗin da na yi cikin ciwon nan ba su dawo kaina ba. Rifkatu ta san sunayen duk waɗanda suka zarge ni, na hana ta faɗa mini. Yau zan karɓi ƙoƙon Jibin daga hannun ko wane ne. Amin.