Sojojin Morenike

Ranar wata Talata cutar korona ta ɗauke Morenike. Yau ga mijinta, Baba Adegoke, tsohon malamin makaranta, a tashar Ibadan, wata mai sayar da jiƙo ta tare shi.

"Baba, sayi kwalba ɗaya, sojojin jikinka su ƙara ƙarfi!"

"Ƙarfinsu ne ya kashe matata, 'yata. Likita ya ce ɓarawo ɗaya ya shiga huhunta, sojojin jikinta suka cinna wa gidan wuta."

"Ai da ta sha nawa..."

"Irinsa ta sha, kwalba tara. Tana cewa aikin banza ne, ina ce mata jahila."

"To, sayi na ciwon baya."

Ya saya. Shekara arba'in yana gyara mata magana. Ranar da ya zo zai ce mata, "Ke ce da gaskiya," an hana shiga ɗakinta na asibiti.