Albashi Ne, Ba Diyya Ba

A bencin jira na kotun ma'aikata a Kanpur, wata mata ta juyo wajen dattijon da ke gefenta, kwanon abinci a cinyarsa.

"Kawu, kai ma takardar sulhu ka zo karɓa?"

"Ita ce, 'yata. Masaƙa ta dakatar da ni, muka yi shekaru muna shari'a, ƙarshe suka biya. Haraji ya kwashi rabonsa."

"Ni nawa da ƙyar aka taɓa shi. Lauyana ya sa aka rubuta diyyar sallama. Kai me aka rubuta?"

"Albashin da aka riƙe mini."

"To ai shi ya sa. Albashi dole a cire masa haraji. Lauyanka barci yake yi?"

"Ya gaya mini. Ni na ƙi."

"Kuɗin ka ƙi?"

"Diyya ta wanda aka kora ce. Ni kullum da safe matata Urmila takan cika kwanon nan, in tafi tashar jirgi in zauna har yamma."

"Duk shekarun nan ba ta gane ba?"

"Ta gane mana. Har gurasa take ƙara mini, wai aikin masaƙa da wahala. Ita ba ta tona ni ba, sai in bar takarda ta tona ni?"