Jinina ya fito kamar nono

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Barkin Sale nake rubutowa, amma don Allah a sakaya sunana.

Ni da maigidana muna ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, mun daɗe muna shan magani iri ɗaya. Tukunyarmu ɗaya, shi ya sa shi kaɗai ke zuwa gwajin kitsen jini. In aka ce nasa lafiya, sai mu ɗauka nawa ma haka. Shi ne mai tumbi, ni siririya ce.

Ran nan na raka shi asibiti, sai ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce, "Hajiya, ke ma kawo hannunki." Aka ɗebi jinin kowannenmu a 'yar kwalba. Da jinin ya kwanta aka jera kwalaben biyu. Nasa garau. Nawa kuwa, wani farin abu ya taso samansa kamar kindirmo. Ba inda ke mini ciwo, ashe abin nan yana yawo a jikina.

Likita ya ce a wannan cuta, kitsen jinin mace da na namiji ba lallai su zo ɗaya ba. Yanzu ko mai tallan nono na ji a ƙofa, sai in tuna da kwalbar nan.

'Yan'uwana mata, wadda ta taɓa ganin haka ta gaya mini gaskiya: jinin yana komawa ja?