Wasiƙata ta dawo, an ce ƙasar ta watse

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ka gafarce ni da na ƙara maka aiki, na san wasiƙu sun yi maka yawa.

Ni ce Hadiza daga Maraɗi. Ina budurwa yayana Isuhu ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tafi Tarayyar Sobiyet karatun noman rani, da niyyar ya dawo ya yi aiki a Jiratawa. Ni allo na yi, ban shiga lakwal ba, don haka da ajami muke rubuta wa juna. Adireshinsa kuwa da baƙaƙen Rasha yake, zana shi nake yi baƙi bayan baƙi, ban san abin da yake cewa ba.

Wata rana wasiƙata ta dawo a rufe. Na ce wa ma'aikacin gidan waya, "Malam, ko na ɓata wani baƙi ne?" Ya ce, "Ƙanwata, hannunki lafiya lau. Ƙasar ce ta watse."

Tun daga nan shiru. Ban ce ya rasu ba, ban ce ya manta da mu ba, don ban sani ba.

Innarmu tana Tsibiri, idonta ya tafi. Duk namijin da ya yi sallama sai ta ce, "Isuhu ne?"

Na zana adireshin a ƙasan wannan wasiƙa. In akwai mai sauraro da ya yi karatu can, ya taimaka ya zo wurinka ya karanta mini sunan garin da ke ciki, ya gaya mini ƙasar da ta gaje shi. Don Allah a ba ni amsa da wuri, ƙarfin Inna yana raguwa.