Ashe Hudhud Sunan Tsuntsu Ne

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya.

Ni ne Alhaji Sabo mai tayal daga Lugbe. Da tura baro na fara a garin nan, yau shaguna biyu gare ni, shi ya sa ba na ɗaukar raini.

Ƴata Ramlatu tana da in'ina. Ranar Asabar na je ɗaukarta daga Islamiyya, sai na ji malaminsu ya ce, "Hudhud, ga Babanki." Raina ya ɓaci, na zaci kwaikwayon maganarta yake yi. Na ce, "Malam, har da kai?"

Ya ce, "Alhaji, zauna tukuna. Hudhud alhudahuda ne da Larabci, daga kukansa sunan ya fito. Shi ya kai wa Annabi Sulaiman labari. Ramlatu nake aika da saƙo ajin manya, kuma ba ta taɓa ɓatar da kalma ɗaya ba."

Wallahi sai na ji sanyi a raina.

Yanzu ko a gida Hudhud kawai take amsawa, mahaifiyarta kuwa ta ce ba ta haifi tsuntsu ba. Masu sauraro, bayan wa zan bi?