Ƙwaryar Yohanna a Kogin Urdun

Iyayena da ke zaune a gaba, 'yan'uwana maza da mata, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka. Sunana Saratu, ko da yake kun fi sanina da Maman Rahila. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa na rubuto abin da zan faɗa, kada in ɓace a hanya.

Kun san shekara biyu ke nan da Ubangiji ya ɗauki maigidana, Yohanna. Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi, a na biyar ya tafi. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun ranar da aka rufe shi na daina addu'a. Ina zuwa sujada, ina zama a bencin baya. In an ce mini ya haƙuri, in ce da godiya, amma iyakarta baki. Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata shekara da shekaru, sai na kai tulun bayan ɗaki na ajiye, har kaza ta mai da gefensa wurin ƙwai. A raina na yanke cewa Allah yana can wata ƙasa mai tsarki mai nisa, bai san hanyar Gummi ba.

Yohanna yana da buri ɗaya, ya ga Kogin Urdun, inda aka yi wa Yesu baftisma, da idonsa. Akwai wata 'yar ƙwarya mai zane da yake shan fura da ita. Duk ran da ya shanye sai ya ɗaga ta ya ce da ita zai ɗebi ruwan Urdun. Bayan ya rasu sunansa ya fito cikin masu zuwa ziyarar ƙasa mai tsarki. Dattawan ikilisiya suka yi ta kai da kawo har aka mayar da gurbin a kaina. Na ce ba ni zuwa.

Maƙwabciyata Hajiya Asabe ce ta tayar da ni. Musulma ce, ta taɓa zuwa Makka, ta san jirgi. Ta same ni ina tsince wake, ta tsaya a kaina ta ce, "Saratu, mi kike jira? Mutum ya bar miki saƙo ki ce ba ki kaiwa? Tashi ki tahi, ni ina duba miki awaki." Ita ta daka mini yaji, ta ƙulla ƙuli-ƙuli, wai abincin can ba ya jin gishiri. Ta ɗaura wa jakata jan ƙyalle don kada in ɗauko ta wani.

Ni da ban taɓa wuce Gusau ba, sai ga ni mun bi ta Anka har Abuja, sai ga ni a sama, gajimare yana ƙarƙashina. Ƙwaryar tana naɗe cikin zane a cinyata.

Mun ga wurare da yawa. Abokan tafiya suna waƙa suna hawaye, ni ina bin su kawai kamar wadda aka aika. A rana ta biyar aka ce yau sai Urdun.

Tun ina yarinya, a zatona kogi ne da ba a hango ƙetarensa, ruwa garau. Muka sauka daga mota, muka bi wata 'yar hanya, mai yi mana jagora ya nuna ya ce ga shi. Na duba, na sake dubawa. Ruwa ne mai laka, ciyayi gefe da gefe, in ka jefa tsakuwa sai ta faɗa can ƙetare. Ban san sa'ad da bakina ya suɓuce ba: "Wannan ne? Ai gulbinmu na Gummi da damina sai ya haɗiye goma irinsa!"

Kowa ya fashe da dariya. Faston da ke tare da mu ya ce ba ni ce ta fara raina kogin nan ta yabi na garinsu ba, a Littafi Mai Tsarki ma an yi wani. Ni ma dariya ta kama ni, ta farko tun rasuwar Yohanna. Na hango yadda da zai tsaya ya riƙe ƙugu ya ce lallai ba wurin ba ne, a ƙara gaba. Daga nan dariyar ta koma kuka.

Na durƙusa a kan matakalar da ke gangarawa ruwa. Na ce, "Ubangiji, ashe cikin irin ruwanmu ka shiga. In ba ka ƙyamaci wannan laka ba, to ka san Gummi. Kana cikin ɗakin ranar da Yohanna ya tafi. Ka gafarta mini." Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Abin da ya tokare mini ƙirji shekara biyu ne kawai na ji ya sauka.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar Habasha cikin farin mayafi, tana ƙoƙarin ɗibar ruwa da tafin hannu. Ruwan yana ta zubewa ta tsakanin yatsunta. Na kwance ƙwaryar na miƙa mata. Ta ɗiba ta wanke fuska, ta daɗe tana shafa zanen da yatsa. Sai ta zaro hoton wani saurayi daga ƙirjinta, ta nuna mini, ta nuna sama. Ni ma na nuna ƙwaryar, na nuna sama. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, amma mun gama gaisuwar ta'aziyya.

Ta fara wata waƙa a hankali. Ni kuwa sai na ga hannuna ya kifa ƙwaryar a kan ruwa, yadda mata suke yi a gida in za a yi kiɗan ruwa, yatsuna suka fara bugawa. Matan da muka je tare suka ji, suka matso suka kama tafi. Wasu fararen fata ma suka tsaya suna rausaya kai. Ƙwaryar furar Yohanna ce take kiɗa a Urdun. Halleluya!

Da na dawo na kai wa Hajiya Asabe dabino. Ta tambaye ni ko saƙo ya kai, na ce ya kai, har an ba ni amsa.

Ba zan ce muku na daina kewarsa ba. Har yanzu wata rana nakan tuƙa tuwon mutum biyu. Amma yanzu ina addu'a, ina kuma sane da cewa ana ji na daga cikin ɗakina. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ƙarshen duniya don ya nuna mini bai taɓa barin ƙofar gidana ba. Na gode muku da kuka yi haƙuri da shirun da na yi. Duk wanda ke zaune a bencin baya kamar yadda na zauna, kada ka fid da rai, ka dogara gare shi. Ya san hanyar garinku.

Tulun nan na wanke shi jiya, ga shi can bakin ƙofa. Shugabar zumunta, in kin ɗaga waƙa, ni zan buga.